Ƙarshen The Clone Wars: yadda aka ba da labarin da kowa ya riga ya san makomarsa

A ranar 4 ga watan Mayun 2020 ne aka saki kashin ƙarshe na Star Wars: The Clone Wars a manhajar Disney+, wato fim ɗin zane mai dogon zango wanda tashar Cartoon Network ta fara nunawa a watan Oktoban 2008. Sunan kashin "Victory and Death", shi ne na 12 a zango na bakwai, kuma na 133 idan aka haɗa duka. Tsawonsa bai kai rabin sa'a ba, amma a ganina yana cikin ƙarshen labari mafi tsari da aka taɓa yi wa fim ɗin zane na almarar kimiyya. Wanda bai kalla ba kuma yana da niyya, gara ya dakata a nan, domin babu abin da zan ɓoye.

Fim ɗin ya sha wuya kafin ya kai ga wannan rana. Bayan Disney ya sayi kamfanin Lucasfilm a 2012, an dakatar da shi a 2013 ba tare da an kammala labarin ba, aka saki wasu kashi 13 da suka rage a Netflix a 2014, sai a 2018 aka sanar cewa za a dawo a rufe shi da zango guda. Kashi huɗu na ƙarshen wannan zangon, waɗanda Dave Filoni ya rubuta, labari ɗaya ne a dunƙule game da ƙawanyar da aka yi wa duniyar Mandalore, don haka ba zai yiwu a yi maganar na ƙarshe ba tare da an taɓo ukun da suka gabace shi ba.

Ga wanda bai saba da wannan duniyar ba, ga yadda abin yake a taƙaice. Yaƙi ne na shekara uku tsakanin Jamhuriya da 'yan aware. Jagororin dakarun Jamhuriya su ne mayaƙan Jedi, masu takobin haske da wani iko na ɓoye da labarin ke kira Force. Sojojin da suke jagoranta kuwa ba haifarsu aka yi ba, kwafo su aka yi a duniyar Kamino daga jikin mutum ɗaya, wani maharbin haya mai suna Jango Fett, aka gaggauta girmansu, aka koya musu yaƙi tun suna ƙanana. Shugaban gwamnatin Jamhuriya, Palpatine, shi ne yake juya ɓangarorin biyu a asirce, kuma burinsa ya hallaka Jedi ya mayar da Jamhuriya daula. Hanyar da zai bi ita ce Umarni na 66, wanda da zarar an furta shi sojojin za su juya bindigoginsu kan jagororinsu.

Matsalar da ke gaban marubucin ita ce duk wannan an riga an gani. Fim ɗin Revenge of the Sith ya nuna faɗuwar Anakin Skywalker, mayaƙin Jedi da ya koma ɓangaren Palpatine ya zama Darth Vader, da kisan Jedi tun 2005, shekara 15 kafin wannan kashin. Wani fim ɗin zanen kuma, Star Wars Rebels, wanda ya gudana daga 2014 zuwa 2018, ya riga ya nuna Ahsoka Tano, tsohuwar ɗalibar Anakin, da kyaftin Rex na sojojin kwafi, da Maul, mugun da aka je kamowa a Mandalore, suna raye shekaru masu yawa bayan yaƙin. Ke nan mutum uku da labarin ƙarshe ya rataya a wuyansu, mai kallo ya san babu wanda zai mutu a cikinsu, kuma ya san wanda suke son ceto ba zai cetu ba. Makamin da mai rubuta ƙarshen labari ya fi dogara da shi, wato sa zuciyar mai kallo ta riƙa dukan uku-uku don bai san abin da zai biyo baya ba, an ƙwace shi tun kafin a fara.

Abin da Filoni ya yi shi ne ya mayar da wannan sanin ya zama nauyi a kan mai kallo. Ya jera kashi huɗun a kan lokaci ɗaya da abubuwan da ke faruwa a fim ɗin 2005, ta yadda kowane ɗan labari da ya iso wa Ahsoka daga nesa yana gaya mana inda agogo yake. A kashin farko ana tsakiyar shirin tafiya Mandalore sai labari ya zo cewa an kai hari Coruscant, babban birnin Jamhuriya, an kama Palpatine, dole Anakin da tsohon malaminsa Obi-Wan Kenobi su juya. Mun san wannan shi ne farkon wancan fim ɗin. A kashi na biyu Obi-Wan ya bayyana ta hoton haske yana shaida wa Ahsoka cewa Anakin ya kashe Dooku, jagoran 'yan aware, kuma majalisar Jedi ta ɗora masa leƙen asirin Palpatine. A na uku Ahsoka ta shigo ƙarshen wani taron majalisar wanda mun riga mun ga farkonsa a wancan fim ɗin, Yoda, dattijon Jedi, ya tambaye ta ko tana da saƙo ga Anakin, ta ce za ta faɗa masa da kanta idan sun haɗu. Ita a wurinta magana ce ta yau da kullum. Mu kuwa mun san ba za su sake haɗuwa a matsayin malami da ɗaliba ba, kuma sallamarsu ta ƙarshe ita ce wadda suka yi a gurguje a kashin farko, bayan ya mayar mata da takubbanta biyu da ya adana, ta yi masa fatan sa'a, ya juya ya tafi.

Wannan dabarar tsohuwa ce a wasan kwaikwayo, amma abin da ya burge ni a nan shi ne haƙurin da aka yi da ita. Anakin shi ne tauraron Star Wars, kuma da an so a faranta wa masu kallo da an riƙa yanko mana shi lokaci zuwa lokaci. An hana mu. Bayan kashin farko ba mu sake ganin fuskarsa ba. Lokacin da ya ci amanar Jedi, muna tsaye tare da Ahsoka a ɗakin tuƙin jirgi, muryoyi kawai take ji a cikin kanta, ta dafe goshi, ba ta san takamaiman abin da ya faru ba. Babban al'amarin tarihin wannan duniyar ya auku a wani wuri can, mu kuma an bar mu da waɗanda abin zai faɗo a kansu.

Akwai kuma abin da fim ɗin ya yi wa al'adarsa ta kansa. Tsawon shekaru kowane kashi yana buɗewa iri ɗaya: tambarin fim ɗin, wanda a yawancin lokuta ruwan ɗorawa ne, sai wata gajeriyar jimlar hikima a rubuce, sannan muryar Tom Kane ta shigo da kuzari kamar mai karanta labaran fagen daga, tana bayyana inda aka kwana. Kamar dai yadda "ga ta nan, ga ta nanku" take shaida wa yaro cewa an shiga duniyar tatsuniya, inda komai tsananin abin da Gizo zai shiga akwai "ƙurunƙus" a gaba. A kashi huɗun ƙarshe tambarin ya koma ja, an cire jimlar hikimar, mai sanarwar ma a na farko kawai aka ji shi, daga nan ya ɓace. Mai kallon da ya girma da fim ɗin, ko bai lura da abin da aka cire ba, jikinsa zai ba shi cewa babu sauran wanda ke riƙe da hannunsa. Kiɗan Kevin Kiner shi ma ya sauya, musamman a kashi na uku mai suna "Shattered", inda aka ajiye kakaki da gangunan yaƙi aka koma wani sautin na'ura mai ja a hankali, wanda ke tafe a ƙarƙashin hotuna ko da babu abin tsoro a fili. Sojoji suna rakiyar Maul da aka kama zuwa jirgi, komai lafiya lau, amma kiɗan yana cewa bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Inda na fi son in daɗe shi ne batun hular kwano, domin a nan ne nake ganin zuciyar labarin take. Sojojin nan fuskarsu ɗaya, kuma mutum ɗaya ne, Dee Bradley Baker, ya ɗora musu murya gaba ɗaya. A fina-finan farko ba su wuce fararen sulke masu harbi ba. Aikin da fim ɗin zanen ya ɗaukar wa kansa tun ranar farko shi ne ya raba su ɗaya bayan ɗaya. A kashin da aka fara nunawa a 2008, mai suna "Ambush", Yoda yana zaune a kogo da sojoji uku, ya ce su cire hulunansu yana son ganin fuskokinsu. Ɗayansu ya ce ai babu abin gani, fuska ɗaya ce, Yoda ya nuna musu cewa a wurinsa kowannensu daban yake. Hausawa sun ce sanin hali ya fi sanin kama, kuma zango bakwai aka kwashe ana gina wannan. Sojojin da aka ba lamba sun raɗa wa kansu suna: CT-7567 ya zama Rex, mai lamba 5555 ya zama Fives. Sun yi zane a fuska, sun sauya aski, sun yi wa sulkensu fenti. Mun ga wanda ya gudu daga yaƙi ya yi aure ya zama manomi, mun ga waɗanda suka bijire wa janar Pong Krell a duniyar Umbara bayan ya sa su sun harbi 'yan uwansu.

A farkon labarin ƙarshe an ƙara wani mataki. Ahsoka ta bar ƙungiyar Jedi tun ƙarshen zango na biyar, bayan an ɗora mata laifin tayar da bam ɗin da ba ita ta tayar ba, majalisa kuma ta juya mata baya. Da ta dawo ba ta da muƙami, amma Anakin ya buɗe mata wata ƙofa sai ga sojoji a jere sun yi wa hulunansu fenti ruwan lemo da farin zane irin na fuskarta. Babu wanda ya umarce su, girmamawa ce ga yarinyar da ta shigo cikinsu tana da shekara 14 ta yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da su. A lokacin abin yana sanyaya zuciya. Kashi biyu bayan haka, waɗannan hulunan ne suke bin ta lungu-lungu a cikin jirgi suna harbi. Fuskarta ce take farautarta. Ba a buƙaci kowa ya tsaya ya bayyana wannan da baki ba, kuma ba a bayyana ba.

A duba yadda aka tsara lokacin da umarnin ya iso. Ahsoka da Rex suna tsaye suna hira, tana cewa an koya wa Jedi su zama masu tsaron zaman lafiya amma ita tun tana ɗaliba soja kawai ta sani, shi kuma yana cewa su sojoji ba su san yadda za su ji game da yaƙin ba, tun da ba don shi ba da ba a yi su ba. Suka sara wa juna. Aka kira Rex ya karɓi saƙo. Da ta biyo shi, yana tsaye ya ba ta baya, hularsa a hannu, sai hannun ya fara rawa, hular ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Masu zanen sun bar shi ba hula da gangan, don mu ga fuskar mutum yayin da ake ƙwace masa kansa. Sojoji biyu suka ɗaga bindiga, ya dakatar da su ya ce shi zai yi, ya zaro bindigoginsa biyu suna karkarwa, hawaye na gangaro masa, da ƙyar ya iya furta sunan Fives ya ce ta nemo shi, sannan ya buɗe wuta. Daga nan ya mayar da hularsa, muryarsa ta koma ta mai ba da oda, babu sauran Rex a ciki.

Sunan da ya furta ya ɗaure wannan kashin da wani labari na zango na shida. Fives shi ne sojan da ya gano cewa an dasa wa kowannensu wata 'yar ƙwaya a ƙwaƙwalwa tun yana ɗan tayi, bayan abokinsa Tup ya harbe wata Jedi a tsakiyar yaƙi yana ta maimaita cewa sojan kirki bin umarni yake yi. Fives ya yi ƙoƙarin tona asirin, aka ɗauke shi mahaukaci, aka harbe shi, ya cika a hannun Rex. Shekara shida masu kallo suna ganin mutuwarsa ta tafi a banza. Sai ga shi rahoton ƙorafin da Rex ya shigar a kan lamarin shi ne Ahsoka ta tono, ta fahimci abin da ke faruwa, ta sumar da Rex ta cire masa ƙwayar. Abin da aka shuka a 2014 ya tsiro a 2020, amma bai ceci Jamhuriya ba, bai ceci Jedi ba, mutum ɗaya tak ya ceta. Wannan ƙanƙantar sakamakon ita ce ta sa na yarda da shi.

A kashin ƙarshe hular ta sake dawowa, wannan karon ta ɗaya gefen. Maul ya lalata injin jirgin, jirgin yana faɗawa kan wani wata, hanyar tsira ɗaya ce, ƙaramin jirgin da ke rumfar ajiye jirage, kuma Jesse, tsohon abokin Rex, ya jera sojoji a gabansa suna jira. Rex ya fusata, yana ce wa Ahsoka mutanen nan 'yan uwansa ne amma ba su damu da ransu ba, a shirye suke su mutu muddin za su tafi da ita da shi. Yana magana ne ta cikin hula da kakkausar murya. Ahsoka ta miƙa hannu ta cire masa hular, ya kawar da kai, sai ga hawaye. Ta ce masa shi sojan kirki ne, haka ma kowane ɗaya daga cikin waɗanda ke ƙasa, kuma ko da sun shirya mutuwa ba ita za ta kashe su ba. Abin da Yoda ya nema da baki a kogo, ita ta yi shi da hannunta shekara 12 bayan haka a lissafin masu kallo.

Sai dai kuma labarin bai bar ta ta tsira da wannan kyakkyawar niyyar a sauƙaƙe ba, kuma wannan ne ya raba shi da yawancin fina-finan jarumta. Ita ce ta saki Maul daga akwatin da aka ɗaure shi, don ya janye hankalin sojojin. Ta hana shi makami, ta gaya masa ƙarara cewa ba ta goyon bayansa, amma ta san wanda ta saka. Maul ya bi ta wani dogon lungu yana ɓamɓaro ƙarafan bango yana yanka sojoji da su, daga baya ya rushe injin da ya jawo faɗuwar jirgin. Ahsoka da Rex sun yi ta harbin sumarwa, suna kare harsashi, suna kauce wa kisa, amma a ƙarshe duk wanda ke cikin jirgin ya mutu in ban da su uku. Hannunta bai zubar da jini ba, shawararta kuwa ta zubar. Babu wanda ya faɗi haka a cikin fim ɗin, kuma ban tabbata duk mai kallo zai tsaya ya lissafa ba, amma yanayin fuskarta a gaban kaburbura ya nuna ita ta lissafa.

Maul kansa an yi amfani da shi ta hanya mai wayo. Shi ne mugu, ya kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, amma a kashi huɗun nan shi kaɗai ne yake faɗin gaskiya. Tsohon almajirin Palpatine ne da aka yar, don haka ya san shirin, yana jin ƙaratowarsa, kuma tsoro ya kama shi. A fadar Sundari, babban birnin Mandalore, ya miƙa wa Ahsoka hannu ya ce su haɗu su tare abin da ke tafe, har ta amince, da sharaɗin ya amsa mata tambaya ɗaya: me yake nema da Anakin? Ya ce an daɗe ana renon Anakin don ya zama sabon almajirin ubangidansa. Nan take ta zare takubba, domin ta san malaminta, ba za ta yarda ba. Mai kallo yana zaune ya san Maul ne mai gaskiya, kuma ƙaunar da ta sa muke son Ahsoka ita ce ta rufe mata ido. Faɗan da ya biyo baya, wanda aka ɗauki motsinsa daga jikin Ray Park, mutumin da ya fito a matsayin Maul a fim ɗin 1999, yana da kyau ƙwarai, amma maganar da ta gabace shi ta fi shi nauyi. Daga baya, a kashin ƙarshe, Maul ya sace ƙaramin jirgin, Ahsoka ta riƙe shi da ikonta yana ƙoƙarin tashi, Rex kuma a bayanta harsashi ya fara cin sa. Gaba kura baya sayaki. Ta saki jirgin ta juya ta kare Rex, wato ta zaɓi mutum ɗaya a kan aikin da aka turo ta yi, wanda dama babu sauran gwamnatin da za ta kai wa rahotonsa.

Ba komai ne ya yi daidai ba. Tsakiyar kashin ƙarshe, inda ake ta hawa da sauka da dandamalin ɗaga jirage ana watsar da sojoji, ya ɗan yi kama da wasan kwamfuta, kuma gudun da Ahsoka ta yi a kan tarkacen jirgi a sararin sama ya wuce hankali ko a ma'aunin wannan duniyar. Haka kuma kashi huɗun da suka gabaci labarin Mandalore, na Ahsoka da 'yan uwa mata biyu Trace da Rafa, sun ja da yawa, ko da yake sun nuna mata yadda talakan Coruscant yake kallon Jedi, abin da ya yi amfani daga baya.

Mintunan ƙarshe babu magana ko ɗaya. Jirgin ya faɗi, ƙura ta lafa, Rex yana can gefe yana haɗa kaya, Ahsoka cikin mayafi mai ruwan toka tana tsaye gaban kaburburan da suka haƙa, an kafa sanda a kan kowanne an ɗora hula. Ta Jesse tana gaba, da tambarin Jamhuriya a goshinta. Ta dubi takobinta, ta sake shi ya faɗi. Sai hoto ya sauya, wurin ya lulluɓe da dusar ƙanƙara, fararen sojoji suna sintiri, amma na Daula ne yanzu, sulkensu fari fat babu fenti babu suna. Darth Vader ya tako, ya durƙusa, ya ɗauki takobin da shi da kansa ya mayar mata, ya kunna shi, ya ɗaga kai ya ga wata tsuntsuwa tana shawagi, wadda masu kallon Rebels suka san tana bin Ahsoka. Ya juya ya tafi, kuma ana nuna mana tafiyarsa ne a cikin gilashin wata fasasshiyar hula mai ruwan lemo. Anakin da aka hana mu gani ya dawo, shi ma yanzu a cikin hular da ba zai iya rayuwa ba tare da ita ba. Sunan fim ɗin yaƙin sojojin kwafi ne, kuma ta idon ɗayansu aka rufe shi.

Akwai tambaya ɗaya da har yanzu ban gama sasantawa da ita ba, ita ce ta 'yar ƙwayar da ke cikin ƙwaƙwalwa. A fim ɗin 2005 ba a ambace ta ba. Sojoji sun karɓi umarni sun aiwatar, kuma abin tsoron a nan shi ne mutum yana iya harbin wanda ya yi shekara uku yana cin abinci tare da shi don kawai na sama ya ce a yi. Tarihin duniyarmu cike yake da irin wannan, ba tare da an dasa wa kowa komai a ka ba. Da fim ɗin zanen ya sa muka ƙaunaci sojojin, sai ya shiga tsaka mai wuya, domin ba zai yiwu Rex da muka sani ya harbi Ahsoka da son ransa ba. Ƙwayar ta warware wannan, ta mayar da sojojin waɗanda aka zalunta, ta ba mu wannan hannun mai karkarwa, ta kuma fito da laifin Jedi fili, su da suka karɓi rundunar mutanen da aka ƙera don yaƙi ba su tsananta tambayar wanda ya yi odarta ba. Amma ta kuma wanke kowa. Idan babu zaɓi babu alhaki, kuma Jesse da ya mutu yana ƙoƙarin kashe abokansa ba shi da abin da zai amsa. Labari ya samu baƙin ciki mai tsabta, ya rasa wani abu mai ɗaci wanda ya fi kusa da yadda mutane suke.

Ina zaton masu fim ɗin sun ji wannan giɓin, domin shekara guda cif bayan haka, ranar 4 ga Mayun 2021, suka fito da The Bad Batch, wanda ya ɗauko labari daga ranar Umarni na 66 ta ɓangaren wata ƙaramar tawagar sojoji. Ɗaya daga cikinsu, maharbin nan Crosshair, ya bi Daula yana farautar 'yan uwansa, su kuma suna ta uzurin cewa ƙwayar ce take juya shi, suna neman hanyar cire masa ita. Gab da ƙarshen zangon farko ya shaida musu cewa an daɗe da cire ta, kuma ya zauna tare da Daula ne don haka ya zaɓa.